Na mayar da duk div ɗina section, yanzu an ce na ɓata aiki. Ina laifina?

Sadiq_Rikkos
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da ni, wata na biyar ke nan da fara koyon gina shafukan intanet da HTML da CSS.

Kawuna yana sayar da dankalin Turawa da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada da ke Jos, yana loda wa 'yan Abuja da Fatakwal. Ya ce in yi masa shafi guda, a sa farashin buhu, da hotunan kaya, da lambar waya, da yadda ake aikawa. Na yi, ya yi kyau. Sai na ci karo da wani bidiyo a YouTube, mutumin yana cewa zamanin div ya wuce, yanzu section ake yayi. Ban yi wata-wata ba na danna Ctrl+H na maye kowane div da section. Guda 41. A ido shafin bai canza ko kaɗan ba. Amma da na kai shi wajen tantance kod na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, sai gargaɗi ya yi ta zubowa, wai section ɗina ba su da take. Na nuna wa wanda yake koya mana, dariya kawai ya yi ya ce in je in yi tunani.

Na yi tunanin, ban gano ba. In dai kamanninsu ɗaya ne, mene ne bambancin?

Abba_Kod
Wa alaikumus salam. Section 41 a shafin dankali? Ƙara himma, saura 279 ka kamo kundin tsarin mulkin Najeriya 😂

Maman_Iman
Abba ka bar yaro ya koya, kai ma ba da iyawarka aka haife ka ba.

Sadiq, saurara. Div ba ya nufin komai. Kwali ne, ka zuba abu a ciki don ka samu inda za ka kama da CSS, ka ba shi launi ko ka tura shi gefe. Section kuwa magana kake yi da shi: kana cewa duk abin da ke cikin nan batu ɗaya ne, kuma yana da suna. Tunda Farin Gada ka ambata, duba can. Akwai wajen 'yan tumatir, akwai wajen 'yan albasa, akwai wajen 'yan dankali. In baƙo ya tambaye ka, kana iya nuna masa da baki ka faɗi sunan wajen. Wannan shi ne section. Amma kwandon da aka zuba tumatir ɗin, da buhun, da baron da ya ɗauko su, ba wanda yake raɗa musu suna. Su ne div. Kai abin da ka yi shi ne ka bi kowane kwando ka kafa masa allo, wai unguwa ce guda.

Gwajin da nake ba ɗalibaina: kafin ka rubuta section, tambayi kanka wane take za ka ɗora masa. In take ya zo maka nan da nan, kamar "Farashin yau" ko "Yadda muke aika kaya", to section ne. In ka tsaya kana sosa ƙeya, div ne.

Sadiq_Rikkos
Na gode Anti. To wanda na naɗe hotuna uku a ciki don su jeru a layi ɗaya da flex fa?

Maman_Iman
Div. Kwalliya ce ta sa ka yi shi, ba batu ba.

Dauda_Bukuru
Ni fa bari in faɗi tawa ko da za a jefe ni. Shekara 6 ina wannan aiki. Na yi wa otal, na yi wa makaranta, na yi wa coci biyu, na yi wa mai gwanjo a Katako. Ba a taɓa samun wanda ya kira ni ya ce "Dauda, me ya sa ka sa div a nan?" ba. Abin da suke tambaya uku ne: yana buɗewa a waya? Maɓallin WhatsApp yana aiki? Za a rage kuɗi? Shi ke nan.

Ku buɗe Facebook a kwamfuta ku danna F12 ku gani. Div ne a kan div kamar buhunan masara a sito. Su ba su san aiki ba ne? Sadiq, kawunka dankali yake so ya sayar. Kar a ɗora maka ciwon kai.

Abba_Kod
Oga Dauda ya fito da takobi.

Injiniya_Tanko
Dauda, ka danna F12 amma ba ka karanta har ƙarshen layi ba. Sake dubawa, za ka ga wasu daga cikin div ɗin nan an liƙa musu role="main", wasu role="navigation", wasu role="banner". Wato sun yi amfani da kwalin da ba ya magana, sannan suka dawo suna rubuta masa suna da hannu. Suna da ma'aikatan da za su yi wannan wahala. Kai da kake aiki kai kaɗai a Bukuru, me zai sa ka zaga ta baya alhali main da nav suna zuwa da sunansu a jiki? Ƙa'idar farko ta ARIA, wato tsarin da role ɗin nan suka fito daga cikinsa, ma abin da take cewa ke nan: in HTML yana da tag ɗin da ke yin aikin, yi amfani da shi.

Bari in ɗan koma baya don matasanmu, tunda ni na ga jiya na ga yau. Lokacin da na fara, da table muke jera shafi, tebur cikin tebur. Daga baya CSS ta yi ƙarfi aka koma div, kowa yana rubuta div id="header", div id="footer", div class="menu". A 2004 wasu mutanen Apple da Mozilla da Opera suka kafa ƙungiyar WHATWG suka fara aikin da ya zama HTML5. A ƙarshen 2005 Google ta binciki shafuka sama da biliyan ɗaya don ganin sunayen class da mutane suka fi sa wa, sai ga footer a sahun gaba, ga su menu da header da nav a cikin jerin. Ka ga ke nan tag ɗin nan ba daga sama suka faɗo ba. Abin da muke rubutawa da hannu ne aka mayar da shi doka. W3C ba ta buga hatimi a kan HTML5 ba sai Oktoban 2014, amma tun kafin nan muna amfani da shi.

Kuma mun sha wuya a kansa. A 2011 na yi wa wata ƙungiya a nan Abuja shafi, na cika shi da header da section da footer ina jin ni ne ɗan zamani. Ranar nunawa aka buɗe a kwamfutar ofishinsu, Windows XP da Internet Explorer 8. Wallahi shafin ya watse kamar an zubar da gero. Wannan burauzar ba ta san sababbin tag ɗin ba, ba ta sa musu CSS. Sai da na nemo wani ɗan guntun JavaScript da ake kira html5shiv kafin asirina ya rufu. Yau ba mai wannan uzurin, Microsoft da kanta ta yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022.

Abin da ya shafi tambayarka kai tsaye, Sadiq: ƙa'idar HTML da bakinta ta ce section ba akwatin zuba komai da komai ba ne, in don ado kake buƙatar akwati ko don JavaScript, div za ka ɗauka. Maman Iman ba ta ƙara gishiri ba.

Dauda_Bukuru
Ranka ya daɗe na ji tarihi. Amma har yanzu ba a nuna min mutum ɗaya da div ya cutar ba.

Yusufu_Gindiri
Ga ni, Malam Dauda. Sannu.

Ni makaho ne. A makarantar makafi ta Gindiri na yi firamare, wadda mishan suka kafa tun 1953, yanzu ina aiki a nan Jos. Wannan muhawarar taku ma da kunne nake bin ta. A kwamfuta NVDA nake amfani da ita, manhaja ce mai karanta min abin da ke kan allo, kyauta ce, wasu makafi 'yan Ostareliya ne suka fara ta a 2006. A waya kuma TalkBack.

Bari in gaya muku yadda nake shiga shafi. Ku masu ido, kallo ɗaya za ku yi ku san ga farashi can, ga lambar waya a ƙasa. Ni ba ni da kallo ɗaya. Ko dai in saurari komai daga sama har ƙasa, kalma bayan kalma, ko in yi tsalle. Tsallen kuwa da maɓallai nake yin sa. In na danna H sai ta kai ni take na gaba. In na danna 2 sai ta bi take mai mataki na biyu, wato h2, kaɗai. In na danna D sai ta kai ni manyan wuraren shafi, ni ina ce musu zango: nan ne kan shafi, nan ne jerin hanyoyi, nan ne ainihin abin da aka zo yi, nan ne ƙasa. Header da nav da main da footer su ne suke haifar da waɗannan zangunan. Shafin da aka gina da div zalla, aka ƙara wa rubutu girma da CSS maimakon a sa h2, in na danna H sai ta ce babu take. In danna D, babu zango. Kamar a sauke ka a tsakiyar kasuwar Terminus ranar jajibirin salla a ƙwace sandarka.

Na taɓa neman lambar asusu a shafin wata makaranta don in biya wa ɗiyar yayata kuɗi. Na saurari jawabin shugaban makaranta, na saurari tarihin kafuwarta, na saurari sunan hoto 30 da wani abu, kowanne IMG da lambobi. Kusan rabin awa. Ƙarshe na haƙura na jira yaron maƙwabta ya dawo daga islamiyya. Ban kira wanda ya gina shafin ba, Malam Dauda, don ban san shi ba. Shi ya sa ba ka taɓa samun kiran ba. Muna rufe shafin ne kawai mu tafi.

Amma in yi wa Sadiq adalci: section ɗinka 41 ba su dame ni ba. Section da ba a ba shi suna na musamman ba, NVDA ba ta ambatarsa, shiru take wucewa kamar div. Abin da nake nema a wajenka shi ne taken. Section ba take, ni a wajena babu shi.

Hafsat_UJ
Allah sarki. Malam Yusufu, wallahi ban taɓa tunanin wannan ba, kuma ina aji uku a kimiyyar kwamfuta.

Dauda_Bukuru
Malam Yusufu na karɓi wannan, Allah ya ba da haƙuri. Amma ka lura, da bakinka ka ce section bai ƙara maka komai ba, take ne yake maka aiki. To ashe div da h2 a ciki ya wadatar. Maganata ba ta faɗi duka ba.

Yusufu_Gindiri
Rabinta ta tsaya. Main da nav fa? Su ba ka da abin da za ka ce.

Maman_Iman
Dauda, ko a wajen section ɗin akwai inda yake aiki. In ka ba shi suna da aria-labelledby, ka nuna id ɗin takensa, sai ya zama zango shi ma, D ta tsaya a kansa:

`<section aria-labelledby="farashi">`
`<h2 id="farashi">Farashin yau</h2>`

Sannan ka tuna da wanda zai gaji aikinka. Na taɓa karɓar shafin da wani ya gina ya gudu, layi ɗari bakwai, ƙarshensa rufaffun div ne guda 14 a jere, ba ka san wanne ke rufe wanne ba. In ka ga an rufe section ko nav, ai ka san inda kake.

Yusufu_Gindiri
Anti, amma a taimaka kar Sadiq ya ji wannan ya je ya raɗa wa 41 ɗin nan suna duka. In kowane taku zango ne, tafiya ba ta ƙarewa. Biyu ko uku masu muhimmanci sun isa, wajen farashi da wajen tuntuɓa.

Khalifa_3MTT
Ni abin da aka koya min shi ne amfanin section shi ne kana iya sa h1 a cikin kowanne. Burauza da kanta za ta lissafa: in section yana cikin section, h1 ɗin ya zama kamar h2, in ya ƙara nitsewa ya zama h3. Na gwada ma na ga rubutun yana ƙanƙancewa.

Injiniya_Tanko
Khalifa ɗana, wanda ya koya maka da tsohon littafi ya koya maka. Gaskiya ne an rubuta wannan tsari a cikin HTML5, an yi niyyar burauza ta riƙa lissafa matakin take daga yadda aka jera section. Amma babu burauzar da ta taɓa aiwatar da shi. Abin da ka gani yana ƙanƙancewa girman rubutu ne kawai, fenti ne. A kunnen Malam Yusufu duk h1 ne, mataki na ɗaya, mataki na ɗaya, mataki na ɗaya. Shekaru ana jan magana, a 2022 WHATWG ta cire tsarin daga ƙa'ida gaba ɗaya. Ko ƙanƙantar da girman ma, a 2025 burauzoji sun fara janye shi.

Don haka kai za ka lissafa da hannunka. H1 guda ɗaya, sunan shafin. Manyan sassa h2. Abin da ke ƙarƙashinsu h3. Kuma kar ka yi tsalle daga h2 zuwa h5 don kawai girman h5 ya fi maka kyau, girma aikin CSS ne.

Khalifa_3MTT
Tabɗi. Shafi uku na miƙa wa mutane a haka.

Abba_Kod
Allah ya jiƙan waɗanda suka biya 😭

Malam_Habu_Gangare
Ni ba gwani ba ne, tsufa ya sa na shigo wannan harka don in riƙa sa karatuttukanmu a intanet. Amma abin da Injiniya ya faɗa ai ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a zaure. Littafin fiƙihu yana da sunansa a bango, guda ɗaya. A ciki sai babi: babin tsarki, babin salla, babin azumi. A cikin babin tsarki sai fasali: fasalin alwala, fasalin wanka, fasalin taimama. Ba a taɓa sa fasali a gaban babi ba, kuma ba a buɗe babi a kan abin da bai kai babi ba. Almajiri in ya ce "Malam, ina ne hukuncin wanda ya rasa ruwa?" ba a ce masa ya fara daga bismilla. Ana ce masa babin tsarki, fasalin taimama. To sunan littafi h1, babi h2, fasali h3. Marubutanmu na da sun gama wannan aiki tun ba a san lantarki ba.

Abin da nake so in tambaya: da Hausa me za mu kira section? Na ji wasu na cewa sashe, wasu ɓangare. Ni fasali ya fi kwanta min.

Hafsat_UJ
Baba, fasali zai rikita mutane, don a bakin yawancinmu fasali siffa ce, kamar a ce abu ba shi da fasali. Sashe ya fi.

Zee_Wuse2
Rukuni fa? Tunda tara abubuwa masu dangantaka ake yi.

Malam_Habu_Gangare
Rukuni na mutane ne ko kaya, 'yata. Rubutu ba a ce masa rukuni. Amma na yarda da Hafsatu, a bar shi sashe, kowa ya sani daga rediyo, sashen Hausa.

Abba_Kod
Div kuma a kira shi "Ghana-mas-go", komai ka samu ka cusa.

Zee_Wuse2
Ku bar wasa, ni kuɗi ne damuwata. Ina tallata shagunan mutane a intanet. Wani ya ce min in an sa section da article, Google na ɗaga shafi sama. Gaskiya ne? In gaskiya ne gobe zan sa a canza wa kwastomomina duka.

Dauda_Bukuru
Ƙarya ce Hajiya. Na ga shafin da div ne tun daga sama har ƙasa yana lamba ɗaya.

Injiniya_Tanko
A nan ina bayan Dauda, ko da yake ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Duk wanda ya yi miki alkawarin cewa canza tag zai kai ki shafin farko, kuɗinki yake so. Google ta saba da karanta shafuka masu datti, don yawancin intanet haka yake. Abin da tsari mai kyau ke yi shi ne sauƙaƙa wa na'ura gane ina ne ainihin magana, ina ne talla, ina ne jerin hanyoyi. Take masu ma'ana sun fi tag ɗin section tasiri nesa ba kusa ba. In kwastomanki na sayar da atamfa, h2 ya ce "Atamfa da leshi", kar ya ce "Barka da zuwa".

Hafsat_UJ
Ni inda nake rikicewa shi ne article da section. Na ɗauka article na labarin jarida ne kawai.

Maman_Iman
Sunan ne ya yaudare ki. Article shi ne duk abin da zai iya tsayawa da ƙafarsa. Gwada haka: in kika yanko shi kika tura wa ƙawarki a WhatsApp ba tare da sauran shafin ba, za ta gane? Labari, eh. Wannan amsar da nake rubuta miki, eh, ita ma article ce. Katin kaya mai hoto da suna da farashi, eh. Amma "Yadda muke aika kaya", in kika tura shi shi kaɗai za ta ce su wa? Wane kaya? Wannan yanki ne na wani abu, section ne. Kuma kowanne na iya zama cikin ɗan'uwansa: doguwar maƙala a raba ta sashe-sashe, ko sashen "Sababbin labarai" ya ƙunshi article biyar.

Khalifa_3MTT
Aside kuma shi ne abin da ke gefen dama ko?

Maman_Iman
A waya ina gefen daman yake? Gefen magana ake nufi, ba gefen allo ba. Abin da in an cire shi batun bai ragu ba.

Nanret_Rayfield
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Tunda da Hausa Sadiq zai rubuta shafin, ya kula da ƙ da ɗ da ɓ. Na yi wa wata ƙungiyar mata masu noman acca shafi, na manta meta charset="utf-8", duk inda aka rubuta ƙasa ko ɗaya sai wasu alamomi suka fito kamar rubutun aljanu. Sannan wasu salon haruffan ba su da masu lanƙwasa, sai ka ga ƙ ta fita daban a tsakiyar kalma kamar haƙorin Makka.

Yusufu_Gindiri
Ki ƙara da lang="ha" a kan tag ɗin html. Yawancinku kuna barin "en" da VS Code ya sa muku. Da wannan alamar manhajata take sanin harshen da ke gabanta, in akwai muryarsa a na'ura ta juya. Ba ku taɓa jin muryar Baturiya tana karanta "ƙwai da ƙosai" ba, da kun tausaya min.

Wani abu kuma, tunda an taɓo. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Kowa in ya tuna ta, matakala da keken guragu yake tunawa. To shafin da ba shi da take, shi ma bene ne ba matakala.

Admin_Bello
Jama'a a dawo kan tambaya. Sadiq ina ka shiga? An yi ta zuba kai ka ɓace.

Sadiq_Rikkos
Afuwan, an ɗauke wuta tun la'asar, sai yanzu na samu caji a shagon aski. Na karanta duka, Allah ya saka. Ga yadda na mayar da shi, na cire abin da ke ciki don kar ya yi tsawo:

`<html lang="ha">`
`<header> <h1>sunan shago</h1> <nav>…</nav> </header>`
`<main>`
`<section> <h2>Farashin yau</h2> … </section>`
`<section> <h2>Kayan da muke da su</h2>`
`<article> <h3>Dankalin Bokkos</h3> … </article>`
`<article> <h3>Kabeji</h3> … </article>`
`<article> <h3>Karas</h3> … </article>`
`</section>`
`<section> <h2>Yadda muke aika kaya</h2> … </section>`
`<aside> <h2>Yadda ake ajiye dankali kar ya tsiro</h2> … </aside>`
`</main>`
`<footer>lambar waya da adireshi</footer>`

Daga 41 sun koma 3. Sauran duk div ne. Gargaɗin take ya tafi.

Maman_Iman
Ma sha Allah, ka ga yanzu ko ban buɗe shafin ba na san abin da ke ciki. Farashin da me ka jera shi?

Sadiq_Rikkos
Div da grid, Anti. Kaya, babban buhu, ƙaramin buhu.

Maman_Iman
Wannan table ne. Layi da ginshiƙi, kowane adadi yana da kan da yake ƙarƙashinsa. Ka sa th a kan ginshiƙan.

Khalifa_3MTT
Ba an ce table ya zama tsohon yayi ba?

Injiniya_Tanko
Jera shafi da table ne ya tsufa. Jera farashi a table kuwa, don shi aka yi shi.

Dauda_Bukuru
Ni article ɗin nan ne ban yarda da su ba. Hoton kabeji da layi ɗaya a ƙasa shi ne zai tsaya da ƙafarsa? Jeri ne na kaya uku, ul da li, tag ɗin jeri, ya kamata. Kun ga ni ma na iya ƙa'idar in na ga dama.

Hafsat_UJ
Amma da gwajin Anti ya ci, in ka tura katin kabeji da farashinsa ai za a gane.

Dauda_Bukuru
Farashin yana wani sashe daban, duba da kyau. Katin hoto ne da suna kawai.

Maman_Iman
Dauda ya kama ni a nan. In katin ba shi da farashi da bayani, li ya fi dacewa. In Sadiq zai ƙara masa daga ina kayan suke, nawa ne, yaya ake oda, to article ya halatta. Wannan waje ne da gwanaye ma suke saɓawa.

Yusufu_Gindiri
Ni dai na fi son jeri, don tana gaya min "jeri mai abu uku", na san yawan abin da ke gabana tun kafin in shiga. Sadiq, turo min adireshin shafin ta akwatin sirri in zaga shi da kunne. Kuma hotunan nan ka rubuta musu alt, ka ce "buhun dankali a buɗe", kar in ji IMG.

Sadiq_Rikkos
Na tura, Malam. Amma akwai sabuwa. Na kai wa kawu ya gani a wayarsa yanzu, bai ce komai a kan section ba kamar yadda Oga Dauda ya faɗa. Cewa ya yi farashin buhu ya tashi tun shekaranjiya, in gyara. Sannan wai yana so da an buɗe shafin kiɗan kalangu ya fara tashi.

Yusufu_Gindiri
Kar ka kuskura. In kalangu na tashi da me zan ji muryar da ke karanta min?

Nanret_Rayfield
Chrome ma ba ya barin sauti ya tashi da kansa sai mutum ya taɓa shafin. Ka ce masa kamfani ne ya hana.

Dauda_Bukuru
Tambayar da ba wanda ya yi tun safe: nawa kawun zai biya ka?

Sadiq_Rikkos
Ya ce zai aiko wa Umma da rabin buhu.

Abba_Kod
Babban buhu ko ƙarami? A duba table 😂

Yusufu_Gindiri
Na shiga. H tana aiki, take takwas na ƙirga, D ta kai ni main kai tsaye. Amma maɓallin WhatsApp ɗinka "mahaɗi" kawai take ce min, ba suna. Hoto ne zalla ka sa a ciki ko?